Darasi na Shida: Matsi Mai Ɗorewa da Yadda Yake Hana Natsuwa da Aiki

Manufar Darasi

Ana sa ran a ƙarshen wannan darasi ɗalibi ya iya:

1. bambance matsi na ɗan lokaci da matsi mai ɗorewa;
2. bayyana abin da ke faruwa a jiki da ƙwaƙwalwa idan matsi ya daɗe;
3. kawo hanyoyin rage matsi waɗanda bincike ya tabbatar da amfaninsu;
4. gane alamomin da ke nuna cewa lokacin zuwa asibiti ya yi.

Gabatarwa

Manya da dama waɗanda suka koma aji bayan sun shafe shekaru suna fama da sana'a da hidimar iyali sukan koka da cewa kansu ya daina ɗaukar karatu, ko kuma suna wuni suna kai-kawo a shago ko a ofis amma rana ta faɗi ba su kammala aiki ko ɗaya ba. Yawanci sukan ɗora laifin a kan tsufa ko lalaci ko toshewar basira, wasu ma har su yanke ƙauna su bar makaranta. Binciken da masana lafiyar jiki da ta ƙwaƙwalwa suka yi fiye da shekaru 100 suna gudanarwa ya nuna cewa sau da yawa tushen wannan matsala shi ne matsi mai ɗorewa, wanda yake da sanannun dalilai da sanannun alamomi, kuma akwai hanyoyin rage shi waɗanda ba su fi ƙarfin mai ƙaramin hali ba.

Ma'anar Matsi da Ire-irensa

Matsi shi ne halin da jiki da zuciya suke shiga a duk lokacin da mutum ya ga cewa abin da ake buƙata daga gare shi ya kai ko ya zarce ƙarfinsa, ko buƙatar ta kuɗi ce, ko ta lokaci, ko ta lafiya, ko ta tsaro. Ya kasu kashi biyu. Na farko shi ne matsi na ɗan lokaci, kamar wanda ke samun mai shiga jarrabawa ko direban da dabba ta gitta masa a kan titi, wanda yakan zo da ƙarfi ya kaifafa hankali, sa'annan ya wuce da zarar dalilinsa ya kau, kuma irin wannan yana da amfani domin shi ne ke sa mutum ya yi hanzarin kauce wa haɗari. Na biyu shi ne matsi mai ɗorewa, wato wanda yake ɗaukar makonni ko watanni ko shekaru saboda dalilinsa ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, kamar bashin da ba a san ranar biyansa ba, ko doguwar jinyar wani a gida, ko zaman aure marar daɗi, ko shugaban aiki mai tsanani, ko zama a yankin da ake kwana da fargabar 'yan bindiga. Wannan kashi na biyu shi ne abin da darasin ya ƙunsa.

Abin da ke Faruwa a Jiki

A shekarar 1915 wani masani a Jami'ar Harvard ta Amurka mai suna Walter Cannon ya bayyana yadda jiki yake shirya kansa domin faɗa ko gudu idan ya fuskanci barazana. A can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da ake kira amigidala, wanda aikinsa shi ne hango haɗari, kuma da zarar ya hango shi sai ya sanar da wani sashen da ake kira haifotalamus, wanda shi kuma yake aika umarni zuwa wasu ƙananan halittu biyu da ke zaune a saman ƙoda. Waɗannan halittu suna fitar da sinadarin adiranalin, wanda ke sa zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya yi sauri, jini ya karkata zuwa ga tsokar hannuwa da ƙafafu, daga baya kuma su fitar da sinadarin kotizol, wanda ke ƙara yawan suga a cikin jini domin samar da ƙarfi, tare da rage ayyukan da ba na gaggawa ba kamar narkar da abinci.

An tsara wannan shiri ne domin mintuna ko sa'o'i kaɗan, saboda haka illa takan bayyana idan ya ci gaba ba tsayawa. A shekarar 1936 Hans Selye, wani likita da ke bincike a birnin Montreal na ƙasar Kanada, ya lura cewa ɓerayen da aka daɗe ana wahalar da su, ko da sanyi ne ko da rauni ko da aiki fiye da kima, duk sukan nuna canje-canje iri ɗaya: halittun saman ƙodarsu sun kumbura, sassan da ke taimaka wa garkuwar jikinsu sun tsuke, kuma gyambo ya fito a cikinsu. Daga nan ne ya raba lamarin zuwa matakai uku, wato matakin firgita, da matakin juriya inda jiki ke ci gaba da ɗaukar nauyin, da matakin ƙarewar ƙarfi. An ga kwatankwacin haka ga 'yan Adam a wani bincike da Sheldon Cohen da abokan aikinsa suka wallafa a 1991, inda aka ɗiga wa mutane 394 masu lafiya ƙwayar cutar mura a hanci, sai aka tarar cewa gwargwadon yawan matsin da mutum yake ciki, gwargwadon yiwuwar ya kamu.

Haka kuma a jikin mai lafiya kotizol yakan yi yawa da safe jim kaɗan bayan farkawa, ya riƙa raguwa har ya kai ƙasa sosai da tsakar dare, amma matsi mai ɗorewa yana iya dagula wannan tsari, shi ya sa mai fama da shi yakan kwanta a gajiye ya kasa barci, ya kuma tashi da safe kamar bai kwanta ba. Sauran alamomin sun haɗa da yawan ciwon kai, ciwon wuya da baya, ɓacin ciki, bugun zuciya, saurin fushi, mantuwa, da canjin cin abinci, kuma idan aka daɗe a haka yana taimakawa wajen samuwar hawan jini da ciwon zuciya.

Yadda Matsi ke Toshe Natsuwa

Sashen ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi shi ne ke da alhakin tsara aiki, da riƙe hankali a kan abu guda, da auna sakamako kafin yanke shawara, da danne fushi. Binciken Amy Arnsten ta Jami'ar Yale da wasu masana ya nuna cewa wannan sashe yana daga cikin waɗanda sinadaran matsi suka fi saurin raunanawa, a daidai lokacin da sassan da ke kula da tsoro da tsofaffin ɗabi'u suke ƙara ƙarfi. Sakamakon haka, mutumin da ke cikin matsi yakan iya ayyukan da ya saba ba tare da wahala ba, amma koyon sabon abu, ko lissafi mai matakai da yawa, ko rubuta wasiƙa mai tsari sai su gagare shi, alhali basirarsa tana nan yadda take.

Dalili na biyu ya shafi abin da masana ke kira ma'ajiyar wucin gadi, wato wurin da ƙwaƙwalwa ke riƙe abubuwan da take aiki da su a yanzu, kamar lambar waya kafin a rubuta ta ko farkon jumla kafin a kai ƙarshenta. Wannan ma'ajiya ƙarama ce ƙwarai, domin masani Nelson Cowan ya ƙiyasta a 2001 cewa ba ta ɗaukar fiye da abubuwa huɗu ko makamancin haka a lokaci guda. Tana kama da allon almajiri, wanda idan ya cika da rubutu babu inda za a sa sabon karatu sai an wanke shi, kuma tunanin kuɗin haya da na magani da na makarantar yara rubutu ne da ke cika allon tun kafin malami ya fara darasi.

Wani bincike da Anandi Mani da Sendhil Mullainathan da Eldar Shafir da Jiaying Zhao suka wallafa a 2013 ya fito da wannan batu fili. Sun gwada manoman rake 464 a jihar Tamil Nadu ta ƙasar Indiya, waɗanda suke samun mafi yawan kuɗinsu sau ɗaya a shekara, da jarrabawar kaifin tunani kafin girbi, lokacin da suke cikin bashi da jingina, sa'annan suka sake gwada su bayan girbi da kuɗi suka shigo hannu. Manoman nan guda ɗin sun fi yin ƙoƙari sosai bayan girbi, kuma masu binciken sun nuna cewa bambancin abinci ko yawan aiki bai isa ya bayyana wannan sakamako ba, sai dai tunanin rashin kuɗi ne da kansa yake cinye wani kaso na hankali. Duk manomin da ya san yadda watannin tsakiyar damina suke, lokacin da rumbu ya kusa ƙarewa sabon hatsi kuma bai nuna ba, zai fahimci halin da waɗannan manoma suke ciki.

Daga nan sai lamarin ya zama zagaye: rashin natsuwa ya sa aiki ya taru, taruwar aiki ta ƙara fargaba, fargaba ta hana barci, rashin barci kuma ya ƙara raunana natsuwa washegari.

Tushen Matsi a Wurin Aiki da Gida

A shekarar 1979 Robert Karasek ya nuna cewa yawan aiki kaɗai ba shi ne ya fi cutarwa ba, abin da ya fi muni shi ne a haɗa wa mutum aiki mai yawa da rashin ikon tsara yadda zai yi shi. Wani dogon bincike da Michael Marmot ya fara a 1985 a kan ma'aikatan gwamnati fiye da 10,000 a birnin Landan ya ƙarfafa wannan ra'ayi, domin an tarar cewa waɗanda ba su da ta cewa a kan aikinsu sun fi kamuwa da ciwon zuciya. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ƙonewar ƙarfin ma'aikaci a matsayin yanayin da ke samuwa daga matsin aiki mai ɗorewa wanda ba a magance ba, ta kuma ambaci alamominsa uku: ƙarewar kuzari, jin ƙyamar aikin ko nisanta zuciya daga gare shi, da raguwar ƙwazo. Hukumar ta kuma ƙiyasta cewa duniya tana asarar kwanakin aiki biliyan 12 a kowace shekara saboda ciwon damuwa da ciwon fargaba.

A Nijeriya, cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 da hauhawar farashi da ta wuce kashi 30 cikin 100 a 2024 sun ƙara wa magidanta nauyi, ga kuma rashin tsaro da ya raba dubban iyalai da gonakinsu. Mata kuwa sukan haɗa raino da girki da sana'ar cikin gida da jinyar tsofaffi, ayyukan da ba su da lokacin tashi. Sanin waɗannan dalilai yana da muhimmanci domin kada a ɗora wa mutum laifin abin da ya fi ƙarfinsa, kuma domin shugabannin ma'aikatu da masu gida su gane cewa su ma suna da rawar takawa wajen sauƙaƙa wa na ƙasa da su.

Hanyoyin Rage Matsi

A wani littafi da suka wallafa a 1984, Richard Lazarus da Susan Folkman sun raba hanyoyin jure matsi gida biyu, wato masu tunkarar matsalar kanta da masu kwantar da zuciya da jiki. Hanyar farko ta fi dacewa da abin da mutum zai iya canzawa, ta biyu kuma da abin da ba ya hannunsa, saboda haka matakin farko shi ne tantance kowace damuwa a san ɓangaren da ta faɗa. Farashin buhun masara ba ya hannun magidanci, amma zuwa wurin mai binsa bashi domin a tsara biya kaɗan-kaɗan, ko shiga adashi, ko rage wata hidimar biki, duk suna hannunsa.

Mataki na biyu shi ne sauke damuwa daga kai zuwa takarda. Masana E. J. Masicampo da Roy Baumeister sun nuna a 2011 cewa aikin da ba a gama ba yakan yi ta faɗo wa mutum a rai yana katse masa tunani, amma da zarar ya tsara takamaiman lokaci da yadda zai yi shi, sai wannan katsalandan ya ragu ko da bai riga ya yi aikin ba. Wani bincike na Jami'ar Baylor a 2018 ya kuma gano cewa waɗanda suka ɗauki minti 5 kafin kwanciya suna rubuta ayyukan da ke jiransu sun fi saurin yin barci. Saboda haka yana da kyau ɗalibi ya tanadi ɗan littafi, ya rubuta kowace damuwa tare da ƙaramin mataki na gaba da ranar da zai ɗauke shi, wanda hannunsa bai faɗa da rubutun boko ba kuma zai iya yi da ajami ko ya naɗi muryarsa a waya.

Mataki na uku shi ne yin aiki ɗaya a lokaci guda, domin ƙwaƙwalwa ba ta iya bin ayyuka biyu masu buƙatar tunani tare, sai dai ta riƙa tsalle tsakaninsu, kuma kowane tsalle yana cin lokaci yana ƙara kuskure. Hausawa sun riga sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Abin da ya fi dacewa shi ne a ware minti 20 zuwa 30 ga aiki guda, a ajiye waya nesa ko a kashe ƙararta, a huta kaɗan, sa'annan a sake komawa, kuma a sa aiki mafi nauyi a lokacin da kai ya fi sakewa, wanda ga mutane da yawa shi ne bayan sallar asuba kafin hayaniyar gida ta tashi.

Mataki na huɗu shi ne kula da barci. Baligi yana buƙatar aƙalla sa'o'i 7 a dare, kuma kwanciya da tashi a lokaci ɗaya kullum suna taimaka wa jiki ya daidaita tsarinsa. Goro da shayi da kofi da lemukan ƙara kuzari duk suna ɗauke da sinadarin kafin mai hana barci, wanda jiki ke ɗaukar kimanin sa'o'i 5 kafin ya kawar da rabinsa, ma'ana goron da aka ci ko atayar da aka sha bayan la'asar suna nan suna aiki a lokacin kwanciya. Ƙailula ta minti 20 zuwa 30 da rana tana sabunta kuzari, amma idan ta yi tsawo takan ɓata barcin dare.

Mataki na biyar shi ne motsa jiki da daidaita numfashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, wanda tafiyar ƙasa da ɗan sauri ta minti 30 a kwanaki 5 ta wadatar da mafi ƙarancinsa. Numfashi a hankali kuwa, kimanin sau 6 a minti ɗaya, tare da tsawaita fitar da iska fiye da shaƙarta, yana tayar da jijiyoyin da ke rage gudun zuciya, kuma ana iya yin sa a aji ko a kasuwa ba tare da kowa ya lura ba.

Mataki na shida shi ne zumunci da ibada. Faɗa wa amintacce abin da ke damun mutum yana rage nauyi, kuma sau da yawa yakan buɗe ƙofar mafita. A ƙasar Zimbabuwe likitan ƙwaƙwalwa Dixon Chibanda ya horar da dattawan mata su zauna a kan benci a harabar ƙananan asibitocin birnin Harare, suna sauraron masu damuwa suna taimaka musu su warware matsalolinsu ɗaya bayan ɗaya, kuma gwajin da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa waɗanda suka yi zama 6 da su sun sami sauƙi fiye da waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba. Salla cikin natsuwa da zikiri da addu'a suna katse hayaniyar wuni suna kwantar da zuciya, kuma malamai sun daɗe suna koyar da cewa tawakkali yana tafiya ne tare da riƙo da sababi, don haka neman taimako ba alamar raunin imani ba ne.

Hanyoyin da ke Ƙara Matsala

Wasu sukan nemi sauƙi ta hanyar shan ƙwayoyi kamar tiramol domin ƙarin ƙarfin aiki, ko maganin tari mai kodin domin mantawa da damuwa, ko ƙwayoyin barci ba tare da umarnin likita ba. Wani bincike na ƙasa da aka gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta a 2018 cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3 masu shekaru 15 zuwa 64 sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi iri-iri a cikin shekara guda, kuma a wannan shekarar ce gwamnati ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Sauƙin da suke bayarwa na sa'o'i kaɗan ne, bayansa kuma jiki yakan saba ya nemi ƙari, barci ya ƙara lalacewa, kuɗi su tafi, a wayi gari an ƙara sabuwar matsala a kan ta farko. Haka nan kwana ana latsa waya da ƙaurace wa mutane da sauke fushi a kan iyali duk suna tsawaita matsi.

Lokacin Neman Likita

Wajibi ne a je asibiti idan baƙin ciki ko rashin sha'awar komai ya kai makonni 2 kusan kullum, ko rashin barci ya daɗe, ko mutum ya kasa gudanar da aikinsa da hidimar gidansa, ko ya kasa barin wata ƙwaya. Ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi da tunanin kashe kai kuwa suna buƙatar taimakon gaggawa a ranar da suka bayyana. Zuwa asibiti yana da wani amfanin, domin ƙarancin jini da ciwon suga da hawan jini suna iya kawo gajiya da rashin natsuwa, kuma gwaji ne kaɗai zai bambance su. Ana iya farawa daga asibitin da ya fi kusa, akwai kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware ta jihar Sakkwato, da sassan kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa. A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Nijeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tanadi kare mutuncin masu neman irin wannan magani.

Auna Fahimta

1. A kawo bambanci tsakanin matsi na ɗan lokaci da matsi mai ɗorewa tare da misalai biyu na kowanne.
2. A bayyana matakai uku da Hans Selye ya ambata.
3. Me binciken manoman rake na Indiya ya nuna game da alaƙar rashin kuɗi da natsuwa?
4. A rubuta damuwa biyar da magidanci ko uwargida ke fuskanta, a raba su zuwa waɗanda za a iya canzawa da waɗanda ba za a iya ba, a kuma kawo mataki ɗaya ga kowace.
5. A lissafa alamomi huɗu da ke wajabta zuwa asibiti.

Kammalawa

Rashin natsuwar da ke tare da matsi mai ɗorewa yanayi ne na jiki da ƙwaƙwalwa wanda yake raguwa idan aka rage nauyin da ke haddasa shi aka kuma ba jiki hutun da yake buƙata. Ba a buƙatar ɗalibi ya ɗauki dukkan matakan da aka ambata a lokaci guda, ya isa ya zaɓi biyu daga ciki, kamar rubuta ayyukan gobe kafin kwanciya da barin goro bayan la'asar, ya dage a kansu na tsawon wata ɗaya yana lura da canjin da ya samu. Wanda kuma alamominsa suka yi tsanani, ko ya ga haka ga ɗan ajinsu ko wani a gidansu, kada ya jinkirta neman likita.